Wa zai karɓe ku a Banyo?

Shekara 17 ke nan ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare tsakanin Gumel da Maigatari. Duk zango sai na ɗauki alli na zana wa yara dutse a allo, na jera layukan tsayi zobe cikin zobe, na ce musu inda layuka suka matsu da juna nan hawa ya yi tsanani. Su kwafa, ni in duba in sa hannu. Amma in za a faɗi gaskiya, abu mafi tsayi da ƙafata ta taɓa takawa shi ne Dala, shi ma da matakala. A wajenmu in ka hau kan rumbu ka gama ganin gari da maƙwabtansa.

Wani yaro ɗan aji biyar ne ya tsokano maganar. Na rubuta musu cewa Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, shi ne wuri mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, yana kan iyakarmu da Kamaru a jihar Taraba. Sai ya ɗaga hannu.

"Malam, ka taɓa zuwa?"

Na ce a'a.

"To Malam, hangen Dala ke nan."

Aji ya fashe da dariya. Ni ma na yi, amma maganar ta kwana da ni.

Bayan isha'i na kai ta majalisarmu ta gindin maina, inda mu goma sha ɗaya muke zama tun muna samari: akwai tela, akwai mai kemis, akwai malamin Islamiyya, akwai dillalin shanu da ba ya fashin kasuwar Maigatari ta Alhamis, akwai kuma ƙanena direban bas. Na zaci za su yi mini dariya irin ta yaran. Sai dillali ya ce shi ya gaji da jin labarin shanun Mambila a bakin mutane, yana so ya gan su a kan ciyawarsu. Kafin shayi ya huce an kafa adashe, naira 20,000 kowane wata, an kuma naɗa ni madugu tunda ni ke da taswira.

Da farko zuciyarmu arewa ta yi. Mu mutanen bakin iyaka ne, Damagaram ta fi mana Kaduna kusa, kuma tun muna yara muke jin labarin duwatsun Azbin da dokin Bagzan. Dutsen Bagzan ɗin ma ba ƙarami ba ne, mita 2,022. Sai dai hanyar Agadas a yanzu ba ta yawon buɗe ido ba ce, kowa ya sani, ba mu daɗe a kan maganar ba. Muka juya kudu maso gabas: mu hau tsaunin Mambila, masu ƙarfin gwiwa su taka Gangirwal, sannan mu tsallaka Kamaru mu ga Banyo, mu dawo.

Na zauna mako biyu na tsara komai a takarda. Rana ta farko daga Gumel mu bi ta Birnin Kudu, Gwaram, Darazo, Dukku, mu kwana Gombe. Ta biyu Kaltungo, Numan, Jalingo. Ta uku Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take. Ta huɗu mu fara hawa daga Mayo Selbe, hanyar nan mai lanƙwasa kamar maciji, mu fito Maisamari, mu sauka Nguroje. Har na sa launi, ja ga hanyar mota, shuɗi ga ta babur, kore ga ta ƙafa. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na naɗe takardar na kai wa Kawu.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ya haura 80. Da ƙuruciyarsa ya yi fataucin shanu da goro a ƙasar Adamawa, kuma shi kaɗai ne a garinmu ya taɓa kwana a Banyo. Na same shi a zaure kan buzu, na shimfiɗa masa takardar ina nuna masa da yatsa. Bai ko dube ta sosai ba. Da na gama ya ce:

"To, wa zai karɓe ku a can?"

"Kawu, ai akwai otal."

"Ɗan nan, otal ba ya zuwa gaban jandarma ya ce ya san ka."

Sai ya shiga ba ni karatun da ba ya cikin littafin da nake koyarwa. Ya ce a zamanin ayari, madugu ba shi kaɗai yake riƙe da tafiya ba. Akwai jagaba da ke wucewa gaba ya duba hanya da zango, akwai uban dawaki da ke ji da masu karɓar kuɗin fito da gaisuwar sarakuna, sannan a kowane babban gari akwai fatoma, mai masauki, wanda zai sauke ka, ya ajiye kayanka, ya tsaya maka in rigima ta taso. Ya ce shi bai taɓa shiga garin da bai san ƙofar da zai yi sallama ba. "Kai ka zana hanya. Hanya ba ta da wuya, ko jaki ya san ta. Mutum za ka nemo."

Na fito ina ganin tsufa ne. Zamanin waya muke, me za a yi da fatoma?

Abin da ya biyo baya har yanzu ana yi mini tsiya da shi a majalisa. Na ci karo da wani a Facebook mai tallar kai mutane Mambila da Kamaru, hotuna kore shar, gajimare a ƙarƙashin ƙafar mutane. Muka yi waya, bakinsa kamar zuma. Ya ce komai a hannunsa yake, mota, masauki, abinci, har tsallaka iyaka. Na tambaye shi batun fasfo, ya ce ba a bukata, katin ɗan ƙasa ya isa, "ai yaranmu ne a wurin." Na tura masa kafin alƙalami daga kuɗin adashe. Bayan kwana uku na sake kiransa in ji sunan ƙauyen da za mu kwana kafin hawan dutse, sai ya fara kame-kame. Na tambaye shi daga Nguroje ina ake nufa, ya ambaci garin da ke wata jiha daban. Daga ranar lambarsa ba ta ƙara shiga ba. Kuɗin ba su da yawa, na biya daga aljihuna, amma tela ya riga ya raɗa mini suna Madugu Uban Asara.

Maganar nan ta "katin ɗan ƙasa ya isa" ita ce ta fi ba ni tsoro daga baya, don da mun yarda da ita da mun je mun sha kunya, ko abin da ya fi kunya. Mu a nan mun saba. Mutum ya karya kumallo a Maigatari, ya yi azahar a cikin Nijar, ya dawo kafin magariba, babu wanda ya tambaye shi takarda tunda an san fuskarsa da ta ubansa. Wannan sabon shi ke ruɗar mu. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, ba ta taɓa shiga ba, don haka takardar tafiya ta ECOWAS ba ta aiki a can. Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza in zamansa bai wuce kwana 90 ba, amma dole ya riƙe fasfo mai rai, a buga masa hatimin fita a nan, a buga na shiga a can. Sannan ga katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa ɗin nan. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, saboda haka ba abin da za a bari sai ana gobe tafiya ba ne. Daɗinta ɗaya, tun 2016 aka daina sabunta ta, sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Da muka ƙirga, mutum huɗu ne kawai ke da fasfo mai rai, su ma albarkacin Umara. Kuma tun 1 ga Satumba 2025 kuɗin ƙaramin fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000, wato adashen wata biyar cur. Nan majalisa ta yi tsit. A ƙarshe biyu suka daure suka je Dutse suka yi, biyar suka ce su Mambila ta ishe su, za su jira mu a Nguroje suna shan shayin Kakara daga tushe. Ban ga laifinsu ba. Ayarin ya rabu biyu tun bai tashi ba, mu shida masu tsallakawa.

Sai dillali ya zo da tasa dabarar. Ya ce kada kowa ya damu da canji, yana da sefa jaka-jaka a gida daga cinikin raguna. Nan ma sai da na dakatar da shi. Sefar Nijar daban, ta Kamaru daban. Darajarsu ɗaya, kowacce 655.957 ce a Yuro ɗaya, amma bankunan da ke buga su daban ne, ta Afirka ta Yamma da ta Afirka ta Tsakiya, kuma mai shayi a Banyo ba dole ne ya karɓi ta Damagaram ba. Ya daɗe yana juya takardar a hannunsa kamar ta ci amanarsa. Haka ma bas ɗin ƙanena: inshorar ECOWAS da yake shiga Nijar da ita ba ta rufe Kamaru, can tasu daban ce. Muka yanke a bar motar a Nguroje. Ko ba don takarda ba ma, hanyoyin bayan gari a saman tsaunin na tsofaffin Land Rover ne da babura, ba na bas mai ƙasa-ƙasa da ya saba da kwaltar Gumel zuwa Kano ba.

Bayan asarar nan na koma zauren Kawu, ban ce komai ba, shi ma bai ce "na faɗa maka" ba, Allah ya saka masa. Ya sa aka kira dillali. Ya tambaye shi cikin masu kawo shanu ko saye a Maigatari wa ya sani da ke da dangi a Taraba. Dillali ya tuna wani Bafulatani da suka shekara goma suna ciniki. Wannan ya haɗa mu da surukinsa a Jalingo, surukin ya haɗa mu da wani dattijo mai shagon hatsi a Nguroje. Kwana tara ana wannan sallama-sallama a waya. Da na kira dattijon, kafin na gama gabatar da kaina ya ce, "Malam, an gaya mini. Ku nawa ne, kuma akwai mai ciwon gwiwa a cikinku?" Tambayar da mai hotunan Facebook bai taɓa yi ba ke nan.

Daga bakinsa na gane cewa jagora ɗaya ba zai yi mana ba, uku muke bukata, kuma kowanne da inda ikonsa ya tsaya.

Gangirwal yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, mafi girma a ƙasar nan, ya haura murabba'in kilomita 6,000. Ba a shiga haka kawai. Sai an tsaya Serti an karɓi izini, an biya abin da aka yanka, an haɗa ku da ma'aikacin gandun da zai raka ku. Shi ne na farko, shi ke da hukuma. Na biyu ɗan ƙasar ne, wanda ya yi kiwo a kan waɗannan tuddai, ya san inda ruwa yake a watan Janairu, ya san rugar da za a kwana, ya san yadda ake gaida jauro, wato mai garin Fulani, kafin a wuce ta ƙasarsa. Daga Nguroje babur ke kai mutum wajen Njawai, daga nan kuma ƙafa ce, kwana da kwanaki, hawa da gangara. Fulatanci ne harshen hanya a can. Ana jin Hausa a kasuwa, amma a ruga in ba ka da mai cewa "jam na" a madadinka, baƙo kake har ka tafi.

Na uku shi ne wanda Kawu ya tambaya tun ranar farko. Ƙololuwar dutsen a kan iyaka take, mutum na iya tsayawa ƙafa ɗaya a Najeriya ɗaya a Kamaru, kuma ni a taswirata har na ja koren layi ya gangara ta ɗaya gefen ya nufi Banyo, don na ga ya fi kusa. Dattijon ya yi dariya har da tari. Ya ce wanda ya gangara ta nan ya shiga ƙasar mutane ta bayan gida, fasfonsa ba hatimi, kuma ma'aikacin gandu ba shi da ta cewa da zarar an wuce iyaka. Dole mu sauko ta inda muka hau, mu koma mu bi ta mashigar da ke da jami'an shige da fice, a buga mana hatimi, sannan wani ya tarbe mu ta can. Wannan wanin ƙanin matarsa ne, mazaunin Banyo, mai Faransanci da Fulatanci da Hausa. Shi zai zo bakin iyaka da ƙafarsa, shi zai yi magana a duk shingen jandarma, a gidansa za mu ajiye kaya. Kwana biyu wannan gyaran ya ƙara mana. (A yankin akwai gari sukutum da sunansa Kan Iyaka. Mutanen Maigatari sun ji haushi da ba su riga sa wa nasu ba.)

Wannan dangantaka ta Nguroje da Banyo ba abin mamaki ba ce in an bi tarihi, kuma nan ne kaɗai na ɗan burge Kawu. Mambila da Banyo duk suna cikin Kamarun Jamus kafin yaƙin duniya na farko. A Nuwamban 1915 sojojin Ingila, akasarinsu 'yan Najeriya, suka ƙwace dutsen da ke saman Banyo daga hannun Jamusawa, dutsen da nake so mu hau in gwiwa ta rage. Bayan yaƙin aka raba ƙasar, Banyo ta faɗa hannun Faransa, Mambila hannun Ingila. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 arewacin Kamarun Ingila ya zaɓi Najeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna, shi ya sa har yau ƙaramar hukumar da Gembu ke shugabanta ake ce mata Sardauna. Layi ya ratsa, amma Fulani da Mambilawa suna nan a ɓangarorin biyu, ana aure, ana zuwa suna da ta'aziyya. Kawu ya ce, "To ka gani. Su dangi ne. Ku ne baƙi."

Lokacin tafiya bai ba mu wahalar zaɓe ba, don kusan shi ya zaɓi kansa. Damina a can doguwa ce, tana farawa tun muna fama da zafin bazara a nan, ba ta ɗaukewa sai wajen Nuwamba, kuma cikinta hanyoyin jan laka ne da santsi. Mu kuma ba mai motsawa kafin a kai gero da wake da riɗi gida. Azumin 2026 zai kama a tsakiyar Fabrairu. Abin da ya rage Janairu ne. Ni na nemi izinin mako biyu a makaranta, an ba ni da sharaɗin in dawo da hotuna.

Sanyi kuwa na yi musu lissafinsa a ƙasa da tsinke. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6.5. Garinmu wajen mita 400 yake daga teku, saman Mambila wajen 1,600, ƙololuwar kuma ta ɗara mu da mita 2,000. Wato a cire digiri 13 daga sanyin asubar hunturu da muke kuka da shi a nan har muna fashin wanka. Mai kemis ya fi damuwa da ciwon tsauni da ya karanta, mai sa ciwon kai da amai, na ce masa wannan yawanci sai an haura mita 2,500 yake kama mutum, mu ƙafa da sanyi ne za su gwada mu. Malamin Islamiyya ya ɗauki nasa ɓangaren: ya bi mana hukuncin ƙasaru, ya ce duk inda muka yi niyyar kwana huɗu sai mu cika salla, ya kuma yi mana bitar taimama don ranar da ruwa zai gagari taɓawa. Tela ya ɗinka wa kowa hular sanyi mai rufe kunne, duk kala ɗaya, mun zama kamar 'yan makaranta.

Tun watan jiya duk Asabar bayan asuba muke fita da kambas, kowa da kwano huɗu na gero a jakar baya, mu yi tafiyar awa uku cikin yashi. Mutanen gari sun gaji da tambaya, yanzu sai dai su ce "a sauka lafiya, mutanen dutse." Sau biyu mun je Kano mun hau Dala da Goron Dutse a rana ɗaya. Dillali, wanda ya fi kowa cika baki, shi ya fara zama a tsakiyar matakala yana cewa yana duba gari ne.

Batun tsaro ba mu ɗauke shi da wasa ba, kuma ba ni na tsara shi ba. Ba tafiyar dare ko ta awa ɗaya, ko'ina magariba ta same mu a masauki. Ba za mu kusanci yankin Arewa maso Yammacin Kamaru ba, inda rikicin 'yan aware ke ci tun 2017, duk da yana maƙwabtaka da Taraba. Zaɓen shugaban ƙasarsu na Oktoban 2025 ma ya bar ƙura. Yarjejeniyarmu da dattijon Nguroje ita ce, ana saura kwana uku mu tashi zai kira ƙanin matarsa, in ya ce a dakata da tsallakawa, an dakata, ba musu, mu sha iskar Mambila mu juyo. Na faɗa wa masu sabon fasfo wannan tun yanzu don kada a zo ana ganin baƙina.

Uwargida ba ta hana ba, amma ta kafa nata sharaɗin. "Malam, lambar mutumin Nguroje da ta mutumin Banyo za ka rubuta mini a takarda, ba a waya ba. Kuma duk inda ka samu sabis ka kira, ko da ƙarfe biyun dare ne." Ta riga ta fara haɗa guzuri, ƙilishi da dakuwa da garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ta ce abincin dutse ba ta san shi ba, nata ta sani.

Jiya na je sallamar Kawu da sabuwar takarda. Wannan karon babu launi, sunayen garuruwa ne a hagu, a dama kuma wanda zai karɓe mu a kowanne. Ya sa na karanta masa daga Gombe har Banyo, yana gyaɗa kai. Da na gama ya jawo wata tsohuwar jakar fata daga ƙarƙashin buzu, ya ƙirgo kuɗi ya miƙo mini, ya ce in saya wa mai masaukin Banyo turmin shadda a Kantin Kwari, kada in kuskura in shiga gidan mutum hannu rabbana. Sannan ya ce a bayan babban masallacin garin, kusa da fadar Lamiɗo, akwai gidan da ya saba sauka, mai bishiyar mangwaro biyu a ƙofa. Mai gidan ya daɗe da rasuwa. In na samu jikokinsa in ce musu Bahaushen nan na Gumel da ya bar tabarmarsa yana gaishe su.